Kaɗanyar da Kaka Ta Hana a Sare

Jiya a kasuwar Kontagora wata mata ta buɗe kwanon man kaɗe. Ƙamshin na dukana sai na tuna Kaka, Allah Ya jiƙanta.

Ita ba ta taɓa girgiza kaɗanya ba, wadda ta faɗo kawai take tsinta. Takan ce mini, "Bar ta ta ba ki da kanta, ke dai sunkuya."

Wata safiya da damina muna tsinta a bakin daji, can hanyar Sahon Rami, raɓa ta jiƙa mana zannuwa, sai ga wani mai gawayi ya nufi babbar kaɗanyar gonarmu da gatari. Kaka ta ajiye ƙwaryarta, ta zauna ta jingina da gindin.

"Haba Iya, ki tashi mana," in ji shi.

"Ɗana, fara da ni. Na fi ta bushewa."

Sai ya saɓa gatarinsa ya wuce.

Yanzu ruwa ba ya sauka a kan kari. Rafin da muke wanke ƙafa ya koma yashi, na manta rabona da kukan hasbiya. Bana ko rabin ƙwarya kaɗanyar ba ta ba ni ba. Kawuna ya ce a sare ta, wai zafi ya gama da ita.

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Muddin ina numfashi, gatari ba zai taɓa ta ba."

Allah Ya ba Kaka inuwa mai sanyi a makwancinta. Ni kuwa na riga na san inda zan zauna.