Malama, Na Kwalba ta Biyu Sun Fito

Ranar Talatar da ta wuce, muna tsaye a layin taron safe, shugabar makaranta ta sanar da mu cewa Allah ya yi wa malamarmu ta kimiyyar halittu rasuwa a asibiti. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Malama, ban taɓa iya yi miki doguwar magana ba. Ke kika sa mini suna Shiru-shiru, amma ke kaɗai ce ba ki taɓa cewa in ɗaga murya ba. Sai dai ki tako har bencina, ki sunkuyo ki saurara.

Ba zan manta da bishiyoyi biyun nan na bayan ɗakin gwaji ba, ɗaya mai nuna da wuri, ɗaya mai jinkiri. Kin sa mun tsinci 'ya'yansu masu tsutsa, kowace a lokacinta, muka zuba a kwalabe biyu da ƙasa, muka ɗaure bakinsu da ƙyalle. Kika ce tsutsar ce za ta zama ƙuda, kuma idan ƙudajen bishiyar farko sun fito, sun hayayyafa, sun mutu kafin na biyun su fito, to ba za su haɗu ba. In aka daɗe a haka, zuriyarsu na iya zama iri biyu dabam.

"Ba katanga ce ta raba su ba, lokaci ne," in ji ki. "Waɗannan 'yan sammako ne. Waɗancan kuwa irinku ne, sai an kaɗa ƙararrawa suke neman takalmi." Har ni sai da na yi dariya.

Na farkon sun fito kina nan. Da ciwo ya matsa miki, sai kika damƙa mini makullin kabad ɗin da kwalaben suke ciki. "Shiru-shiru, ranar da na biyun suka fito, ki zo ki gaya mini da bakinki. Ban yarda da aike ba."

Sun fito, Malama. Na zo har ƙofar ɗakin da kike kwance, na hango 'yan'uwanki sun cika shi, kunya ta kama ni, na juya. Na ce sai ranar da babu mutane.

Da muka je gaisuwa, babbar 'yarki ta riƙo hannuna. "Au, ke ce mai kwalbar? Ko ranar Lahadi sai da Mama ta ce a leƙa waje ko kin zo." 

To ga saƙonki, ko da na makara: sun fito, suna da yawa, kuma ba su tarar da ko ɗaya daga na farkon da rai ba, kamar yadda kika yi tsammani. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sa abin da kika koya mana ya bi ki da lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da malamanmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, amin.