Neman Gidan Abincin da Hajiya Za Ta Ci a Dubai

Ladanin unguwarmu bai kai ga kiran assalatu ba muka fito da akwatuna, mu biyar: ni, maiɗakina, 'yarmu babba, autanmu, sai surukata, mahaifiyar maiɗakin nawa, wadda kowa ke kira Hajiya. Ni ba baƙon Dubai ba ne. Na yi shekaru ina zuwa sarin takalma da jakunkuna, amma iyakar Dubai ɗina daga filin jirgi zuwa lungunan kasuwar Naif, daga nan ofishin kago masu aika mini kaya, sai gida. Wannan karon ne na ce bari in kai iyali wurin wasannin nan da yara suka ishe ni da nuna mini a waya. Hajiya kuwa ni na dage sai an tafi da ita. Ta sha jinya bara, ciwon suga ya sa ta a gaba, na ga ya kamata ta sha iska. Kafin mu taso likitanta ya ja mana kunne a kan abu ɗaya: maganinta ba ya son yunwa, lallai ta riƙa cin abinci a kan lokaci, musamman na dare. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, inda za mu je abinci ne ya yi wa mutane yawa.

Daga Kano muka yada zango a wata ƙasa, muka sauya jirgi. Kujerunmu a rarrabe suke, ni can gaba, su a baya. Da muka sauka na tambayi 'yarmu ko kakarta ta ci abincin jirgi, ta ce ta cinye har da biredin. Na ji daɗi, na ce a raina tafiya ta yi kyau.

Otal ɗin yana can bayan gari, hanyar Abu Dhabi. Titi ne shimfiɗaɗɗe, layin motoci ya fi ƙarfin ƙirga, babu rami, babu mai tsayar da kai. Dogayen benaye suka bi mu har suka gaji, aka shiga fili da yashi, sannan muka hango liloli masu tsayin hasumiya. Otal ɗin a manne yake da wurin wasan, a gefensa kuma an haƙa wani rafi, an jera gidajen abinci a bakinsa, kowanne da irin girkin ƙasarsa. Kuɗin da na biya ya haɗa da abincin dare, amma da sharaɗi: sai ka kama tebur tun da rana ta waya, in ka makara kuma ka ga an cike ko'ina. Nan na ɗora wa kaina aikin da ya hana ni sakat har muka baro garin. Mutane na hawa lilo suna ihu, ni ina tsaye a rana ina latsa waya, ina duba hotunan farantai.

Daren farko yara suka yi rinjaye, muka je na Italiyawa. Na ja wa Hajiya kujera mafi kyau, mai kallon ruwa, na zauna daidai gabanta don in tabbatar ba ta rasa komai ba. Aka kawo taliya da cuku, da wani faifan biredi da aka shafe da tumatir. Hajiya ta gyara mayafi, ta kurɓi ruwa, ta ɗauki cokali mai yatsu ta juya taliyar sau biyu ta ajiye. Na ce, "Hajiya, bismillah mana." Ta dubi gefe ta ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji, a ƙoshe nake." Ban ga laifinta ba. Ni kaina cukun nan sai da na yi ta maza na haɗiye shi.

Da muka koma ɗaki maiɗakina ta fara cewa, "Abban yara, ka san fa Hajiya..." Na katse ta, na ce na sani, ba ta saba da abincin Turawa ba, gobe shinkafa za a ci. Ina maganar ina neman tebur a waya.

Washegari muka wuni cikin wasanni. Wurin ya tsaru, ba zan ɓoye ba. Akwai jirgin ƙasa mai juya mutum ƙasa da sama, akwai kwale-kwalen da ke faɗowa daga tudu ya jiƙa kowa sharkaf, ga masallaci mai sanyi da wurin alwala tsaf. Sai dai tsada. Kuɗin robar ruwa ɗaya a ciki zai saya maka katan guda a Naif, gugguru kuwa da na ji farashinsa sai na ce wa auta ai ba ya da amfani a jiki. Hajiya na zaune a inuwa tana jan carbi, tana tsokanar auta, wai maigidan nata matsoraci ne tunda ya yi kuka a kan lilo. Da rana na sayo mata kaza da dankali, na zauna kusa da ita, ta ce zafi ya hana ta jin yunwa.

Da magariba muka je na Indiyawa. Shinkafa ce dafa-duka mai ƙamshi, nama ya yi luguf, irin wadda ko marar lafiya zai tashi zaune dominta. Da hannuna na zuba mata, na tura farantin gabanta, na zuba ido. Ta tsinci ƙwaya uku ko huɗu, ta ce yaji. Na kira ma'aikacin na ce a kawo marar yaji. Aka kawo, ta ce a bai wa yara. Dare na uku na kai mu na Larabawa, na sa aka kira mai kula da wurin ya tabbatar mata a gabana cewa naman yankan Musulmi ne, don na zaci ko shakkar da take yi ke nan. Mutumin ya dafa ƙirji ya rantse. Hajiya ta yi masa godiya, ta ɗauki dabino ɗaya. Gasasshen naman rago ya huce a gabanta ina kallo, raina in ya yi dubu ya ɓaci, ga shi ba dama in nuna.

Abin ya fara ba ni tsoro, don na ga idonta ya faɗa. Maiɗakina ta ce da shayi da biskit take kwana, sai ɗan dambun naman da ta ƙullo a jaka, shi ma ya kusa ƙarewa. Ita ce 'yar fari, tsakaninta da mahaifiyarta akwai nauyi, ba ta iya zaunar da ita ta yi mata faɗa. Ta sake cewa, "Da za ka bari a kai mata ɗaki..." Na ce wane irin ɗaki, mun kawo ta Dubai ne don ta zauna a ɗaki kamar mai takaba? Ban da haka ma, gidajen abincin ba sa yarda a fita da abincin da ke cikin kuɗin otal.

Da safe na bar su na hau tasi zuwa Naif. Can na san kan gari. Na ratsa lungunan da 'yan dako ke tura kaya suna ihun yalla yalla a ba su hanya, na hau wani tsohon bene inda wata baiwar Allah 'yar Maraɗi ke yi wa 'yan kasuwa tuwo. Na sa ta cika mini kula da tuwon shinkafa da miyar kuka, har da man shanu. Na dawo na miƙa wa 'yarmu ta kai ɗakin kakarta, ni kuma gajiya ta kwantar da ni. Da la'asar aka dawo da kula wayam, kamar an wanke. Na yi hamdala da ƙarfi. Na ce wa maiɗakina, "Kin gani ko? Tuwo take so. An gama."

Saboda haka a daren na soke teburin da na kama, na kwashi kowa zuwa Naif. Yara suna ta ƙunƙuni don a daren ne za a yi wasan wuta a bakin rafi. Muka faɗa cunkoson masu tashi daga aiki, mota ta riƙa tafiya kamar ana tura ta, mitar tasi na ta hawa ina kallonta. Muka isa bayan isha, muka hau benen nan da Hajiya tana hutawa a kowane hawa. Mai tuwo ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo malmala mai tururi, miya ɗaya da ta rana, hannu ɗaya ya tuƙa. Na zauna na tanƙwashe ƙafa ina fuskantar Hajiya, ina murmushin wanda ya ci nasara. Ta wanke hannu, ta gutsuri loma ƙarama, ta riƙe ta, ta riƙe ta, daga ƙarshe ta sa wa auta a baki. Mai tuwo ta ce, "Hajiya, miyar ce ba ta yi ba?" Ta ce, "Ta yi, 'yar nan. Na ci da rana." Wallahi ji na yi kamar in kwanta a tabarmar in yi birgima. Muna isa otal kuma muka tarar an gama wasan wuta, sai hayaƙi.

Kashegari abin da nake gudu ya faru. Muna layin shiga wani wasa da hantsi sai jiri ya ɗebi Hajiya, ta dafa ƙarfe, gumi ya karyo mata. Ma'aikatan wurin suka kawo keken marasa lafiya a guje, aka kai ta ɗakin jinya, aka auna, aka ce suga ne ya sauka. Suka ba ta lemo mai zaƙi ta dawo daidai, ma'aikaciyar jinyar ta tambaye ni ko tana cin abinci sosai. Ni na ɗauko matar nan daga gidanta lafiya lau, na yi wa likita alkawari, ga 'ya'yanta maza a Kano suna jiran in dawo musu da ita.

Da yamma na kama tebur a wani gidan abinci da ake jera tukwane kowa ya ɗiba da kansa, na ce cikin abinci kala-kala dole a samu wanda zai shiga. Mun zauna ke nan wayata ta yi ƙara. Yaron ofishin kago ne, wai an samu matsala a lissafin katan-katan ɗin da na aika wancan zuwan. Na fita waje don hayaniya, muka yi ta ja-in-ja, yana ta kalas Alhaji, kalas, wai magana ta ƙare, ina cewa ba a kalas ba. Mun daɗe. Da na gama na juyo, bangon gidan abincin duk gilashi ne, sai na hango teburinmu.

Hajiya ta ture cokali gefe, ta naɗe hannun riga. Gabanta kifi ne gasasshe guda, ta ci rabinsa, ga shinkafa ta yi gefe da ita, tana ɓare jatan lande tana dariya har mayafinta ya zame. Auta ya kai hannu farantinta ta buge shi. Na tsaya kamar an dasa ni. Na tuna abincin jirgi da ta cinye ina can gaba. Na tuna kular tuwo da aka kai mata ina barci. Na lalubi tsawon shekarun aurenmu ban tuna ranar da na taɓa ganin matar nan tana tauna wani abu ba. In na je gaishe ta a Kano, a falo ake ajiye mini abinci ta shige ciki. Ashe duk kwanakin nan ba cuku ba ne, ba yaji ba ne, ba yanka ba ne. Surukinta ne ya zauna mata a gaba ya zuba mata ido, yana ƙirga mata loma.

Na taka zan shiga, sai na ga ta ɗago kai wajen ƙofa, hannunta ya tsaya. Na yi maza na koma bayan wata bishiyar dabino. Na aika wa maiɗakina saƙo cewa maganar kago ta riƙe ni, su ci kada su jira. Amsarta ta zo nan take: "Yawwa. Ka daɗe." Daga baya da na ce me ya hana ta gaya mini tun farko, ta dube ni ta ce sau nawa ta fara, ina latsa waya ina cewa na sani.

Sauran dararen biyu haka aka yi su. In kama musu tebur, in raka su har ƙofa, sai in dafa aljihu in ce af, ga kiran kago. Hajiya ta ce, "Allah ya taimaka, Alhaji," ba tare da ta dube ni ba. In sayi shawarma in zauna a benci a bakin rafi, tsakanin Turawa da 'yan Indiya masu tura kekunan jarirai. Na biya kuɗin abincin mutum biyar, na ƙare da biredi a takarda, amma tunda muka zo ban ci abin da ya kwanta mini kamarsa ba. A daren ƙarshe har wasan wuta na kalla ni kaɗai, 'yarmu ta fito ta ce kakarta ta koma ɗibar kifi karo na biyu.

Mun sauka Kano da rana tsaka, muka fara kai Hajiya gida. Kumatunta sun dawo, 'ya'yanta suna ta cewa Dubai ta karɓe ta. Na durƙusa a falo na yi mata sallama, ta amsa daga bayan labule kamar yadda ta saba, ta yi mini addu'a mai tsawo. Har na miƙe sai na ji ta ce wa auta, "Maigida, ka ce wa babanku ya iya zaɓen wurin abinci. Na kwanakin ƙarshen nan sun fi daɗi."

Ga mai shirin irin wannan tafiya, ka kama tebur da wuri, ka sayi ruwanka a waje, kada kuma ka ɗauki yara zuwa Naif a daren wasan wuta. In da surukarka a cikin tafiyar, kada ka wahalar da kanka da hotunan farantai. Ka biya, ka raka ta ƙofa, ka nemi benci. Ni na tafi ina ganin kyautatawa ita ce in tsaya a kanta, ashe abin da take bukata daga gare ni shi ne in ba ta wuri. Har yau Hajiya ba ta san na gan ta ta gilashi ba, don Allah wanda ya gane ta a labarin nan kada ya kai mata.