Shirun Malam Ku-Fa

Haihuwa da Asali

An haifi marigayi, wanda jama'a suka fi sani da Malam Ku-Fa, a shekarar 1951, a unguwar bayan tashar jirgin ƙasa ta garinsu. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi. Kakarsa ta wajen uwa baiwa ce da aka saya tana ƙarama, kuma waɗanda suka saye ta launin fatarsu ɗaya da nata. Wannan magana ba a yin ta a gidan sai da raɗa.

Karatu da Aiki

Ya kammala kwalejin horon malamai a 1972, ya sami digiri a fannin tarihi a 1979, sannan a 1986 gidan rediyo ya ɗauke shi cikin shirin muhawara na mako-mako. A nan ya shahara wajen neman diyya ga zuriyar mutanen da aka kwasa a jiragen ruwa aka bautar, kuma haƙƙi ne yake nema, babu mai musun haka. Abokan karawarsa su ma ba kanwar lasa ba ne, domin da zarar ya matsa musu sai su kauce su kawo batun bautar cikin gida da wadda ake yi a wannan zamani. Shi kuwa ba ya amsawa. Sai ya kurɓi ruwa, ya gyara zama, ya ce, "Ku fa?" Daga nan laƙabin ya bi shi, ana tafa masa, ana tashi ba a warware komai ba.

Aure da 'Ya'ya

Ya auri wata ma'aikaciyar jinya a 1980, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Autarsu ce 'yar lelensa, kuma ita kaɗai ke iya kwaikwayonsa a gabansa: ko wanke-wanke aka sa ta sai ta kurɓi ruwa ta ce, "Su Yaya fa?" ya yi ta dariya har da hawaye.

Jarrabawa

A 2014, bayan Auta ta gama karatu ta rasa aiki, wani dillali ya yi mata hanyar aikin otal a ƙasar waje. Ba a jima ba ta bugo waya daga banɗaki, muryarta ƙasa-ƙasa: "Baba, ba otal ba ne. Sun karɓe fasfona, ƙofar ma a kulle take."

Mai ɗakinsa ta roƙe shi ya faɗi haka a rediyo, inda dubban mutane ke sauraronsa. Amma a lokacin ana shirin babban taro kan diyya, shi ne kuma zai gabatar da jawabin buɗewa. Ya ce, "In na faɗa yanzu, na ba abokan karawata sandar dukana."

Ta ce, "Malam, 'yarka ce fa, ba hujja ba ce."

Ya zaɓi ya bi ta hannun sanayya, a asirce. Masu sanayya suka yi ta cewa gobe, kiran Auta ya yi ta raguwa, har a 2015 layinta ya daina shiga gaba ɗaya. Jawabinsa dai ya yi armashi, jaridu sun yaba. Sa'ad da ya buɗe baki a 2016, dillalin ya riga ya rufe ofis, ana sayar da takalma a wurin. Jami'in da ya saurare shi a ofishin jakadancin waccan ƙasa ya bar shi ya kai aya, sannan ya tambaye shi ko su Malam a gidajensu ba sa ajiye 'yan aiki. Marigayi ya tashi ya fito.

Ƙarshen Rayuwa da Rasuwa

A wannan shekarar ya ajiye aikin rediyo. Sauran rayuwarsa ya yi ta ne a kujerar falo ta kusa da soket, waya a cinyarsa, yana ɗaukar duk baƙuwar lamba tun ƙarar farko, baƙin ciki yana cin sa a fili.

Allah ya yi masa rasuwa a 2021 bayan doguwar jinya, aka yi masa sutura, aka binne shi kusa da mahaifiyarsa. Ya bar matarsa, da babban ɗansa injiniya, da 'yarsa malamar makaranta, da ɗansa mai gyaran mota, da jikoki tara. Wajen rubuta sanarwar rasuwa 'ya'yan sun yi saɓani, ko a ce ya bar huɗu ko a ce uku. Mahaifiyarsu ta ce a rubuta huɗu. Allah ya gafarta masa, Auta kuma ya bayyana ta.