Da Babbar Rigata Na Shiga

Shekara arba'in da wani abu na yi ina ɗinki a unguwar Zango ta Damagaram, a wani shago da ke kallon inda ƴan kabu-kabu ke tsayawa. Kostim kam, wato kwat ɗin Turawa, na ɗinka ba adadi. Na yi wa ma'aikatan gwamnati, na yi wa ɗaliban da za su tafi karatu waje, har angwayen da amarensu suka matsa musu. Amma ni ban taɓa sa shi a jikina ba. Ba wai ina ƙinsa ba ne, kawai ban taɓa ganin ranar da rigata ta gaza ba.

Ɗiyata ta fari tana aikin jinya a kudancin Faransa, shekara goma sha biyu ke nan. Da idona ya fara rauni na bar wa ƙanena shago, sai ta ce lallai mu zo ni da uwarta mu huta. Kwana biyu da isarmu ta ajiye mana wani ɗan littafi mai hotuna, ta ce ta kama mana wuri a jirgin ruwa, za mu yi mako guda a teku mu uku. Na tambaye ta ina jirgin zai kai mu. Ta ce zagayawa zai yi ya dawo da mu inda ya ɗauke mu. Mai ɗakina ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita ba ta taɓa jin tafiyar da ba ta da inda za a je ba.

Na karanta littafin tun daga bango har bango, don na yi lakwal, wato boko, har kolej kafin in kama keken ɗinki, kuma faransancina bai gudu ba. A kowane shafi sai sun ce mu baƙinsu ne. Wannan kalma ta zauna mini. Kakana mai masauki ne a Zango, fatake daga arewa a gidanmu suke sauke kaya, kuma na taso na ga yadda ake karɓar baƙo. Ana ba shi ruwa, a shimfiɗa masa tabarma, sai ya huta kafin a tambaye shi daga ina. Da wannan tunanin na hau jirgin.

Jirgin ya fi duk wani gini da na taɓa shiga. Bene a kan bene, da kantuna, da wurin wanka a can sama inda mutane ke kwance cikin rana da gangan. Ɗakinmu kuwa bai kai rabin shagona ba, sai dai yana da taga, kuma gadon yana da laushi. Babu buta a makewayi, sai da mai ɗakina ta mayar da gorar ruwa buta. Alƙibla kuma ba ta zama wuri ɗaya, in na duba wayar ɗiyata da azahar tana wajen taga, kafin la'asar ta koma wajen ƙofa. Duk wannan bai dame ni ba. Matafiyi ne ni, na san sai an yi haƙuri da wasu abubuwa.

Kowace yamma muna cin abinci a wani babban ɗaki na ƙasa, a tebur ɗaya da aka rubuta mana lambarsa a kati, kusa da taga. Mai karɓar mutane a ƙofa wani dattijo ne ɗan Senegal, furfura ta fara cin gefen kansa. Tun ranar farko da ya ga hulata ya yi mini sallama ƙasa-ƙasa, na amsa. Ya ce mini ya fi shekara ashirin yana aikin jirage.

Rana ta huɗu aka turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa. An rubuta cewa yau liyafar kumandan jirgi ce, ana roƙon kowa ya zo cikin tufafin girma. Na ji daɗi, don na zo da shirina. Na buɗe baliz, akwatin kayana, na fito da babbar rigata ta shadda, shuɗiya mai haske, mai aska takwas. Ita ce aikin hannu na ƙarshe da na yi kafin ido ya hana ni zare allura, wata uku na yi a kanta. Na fito da hula, da takalman jar fata da wani baduku na unguwar Birni ya yi mini, waɗanda nake zuwa Juma'a da su.

Ina cikin warware rigar ɗiyata ta shigo da wani abu a rataye cikin leda. Ta buɗe, sai ga kostim baƙi, da karabat na ɗaurawa a wuya, da takalmi sau-ciki.

Ta ce, "Baba, na saya muku tun kafin ku zo. Yau ɗaya ce."

Na karɓa na juya shi ciki waje, kamar yadda na saba yi wa kowane ɗinki. An cusa soso a kafaɗa, hannun ya fi nawa tsawo, cikin kuma gam aka sa aka liƙe.

Na ce, "Allah ya yi miki albarka. Amma ba zan sa ba."

"Baba, kallonku za a yi ta yi."

"Kwana huɗu ana kallona. Ban ga ya rage ni da komai ba."

Ta dubi uwarta ko za ta sa baki. Uwar tana gaban madubi tana ɗaura kallabi, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Bayan magariba muka sauka. Akwai layi a ƙofa, maza cikin baƙaƙen kaya, mata cikin riguna masu ƙyalli. Da muka iso gaba, dattijon nan ɗan Senegal ya dubi rigata, ya dubi ƙafata, sai fuskarsa ta canza. Ya sunkuyo ya yi magana a hankali da faransanci.

"Mushe, ku yi haƙuri. Yau an ce sai da kostim da rufaffen takalmi. Akwai abinci a bene na sama, can babu doka."

Ɗiyata ta kama hannuna. Ta ce da Hausa, "Baba mu tafi sama. Don Allah."

Na san benen da yake nufi. Can ne mutane ke ɗibar abinci da kansu, wasu da gajeren wando, wasu jikinsu bai ma bushe daga wanka ba. Wato ni da rigar wata uku can na dace. Na zare hannuna a hankali.

Na ce wa dattijon, "Na san ba kai ka kafa dokar ba. Kira mini wanda ya kafa ta."

"In kun ɗan matsa gefe, zan kira shi."

"A nan zan jira."

Ban matsa ba. Babbar riga in an tsaya da ita sosai tana cika ƙofa, kuma na tsaya sosai. Layi ya fara taruwa a bayanmu, ina jin gunaguni cikin harsuna kala-kala. Ɗiyata ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta buɗe ta shige.

Shugaban ɗakin ya iso da sauri, wani dogo mai murmushin da bai kai ido ba. Ya maimaita abin da aka faɗa mini, sai dai da kalmomi masu santsi. Na zaro takardar da aka turo mana na miƙa masa.

"Karanta mini inda aka rubuta kostim."

Ya duba. Ya ce an rubuta tufafin girma, kuma kowa ya san abin da ake nufi.

"Ni ma na sani, shi ya sa na sa wannan. Da irinta ake ɗaura aure a garinmu, da ita ake zuwa idi. Ba ni da abin da ya fi ta girma."

Ya ce rigar kyakkyawa ce ƙwarai, matsalar takalmin ne, don ba a shiga da yatsu a waje. Daidai lokacin wata mata da ke bayana ta gaji da jira, ta raɓa ta gefena za ta wuce. Takalminta igiya biyu ne kawai a kan wani tsini, yatsunta goma duk a fili, an shafa musu jan launi. Na nuna masa da haɓa.

Ya ce, "Wannan takalmin liyafa ne."

"Nawa kuma na masallaci ne. Wanda na tsaya da shi a ƙofar ɗakin Allah, ban ga ƙofar da zai ji kunyarta ba."

Wani tsoho a layi ya yi dariya. Shugaban bai yi ba. Ya ce in fahimta, doka ce ta kowa da kowa.

Na ce, "A littafinku kun rubuta ni baƙonku ne. Kun gayyace ni liyafa, na yi wanka na sa mafi kyawun kayana na zo, kun tare ni a ƙofa gaban matata da ɗiyata. Ba zan hau sama ba, ba zan koma ɗaki ba. In kumandan ne ya ce a hana ni, a kira shi ya faɗa mini da bakinsa." Sai idon maɗinki ya yi aikinsa, duk da rauninsa. Na ƙara da cewa, "Kuma maɓallinka na biyu zare ɗaya ne ke riƙe da shi. Ba zai kai ƙarshen liyafar nan ba."

Ya dubi cikinsa kafin ya ankara. Ya ɗago ya dubi layin da ya kai har matakala. Sai ya ce, a wannan karon kawai, mu biyo shi.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Maimakon ya nufi wajen taga sai ya karkata hagu, zuwa wani ɗan tebur da ke bayan ginshiƙi, dab da ƙofar da masu kai abinci ke shige da fice. Ya ja kujera yana jira. Ina shirin buɗe baki, sai na ga mai ɗakina ba ta tare da mu. Ita ba ta jin faransanci ko kalma ɗaya, amma ta gane komai. Ta miƙe ɗoɗar ta tsakiyar ɗakin, mayafinta yana jan ido, ta ratsa teburori har ta isa namu na kullum, ta ja kujerarta da kanta ta zauna. Ta ɗauki ƙyallen da ke kan faranti ta shimfiɗa a cinya, sannan ta yafito mu da hannu. Na bi ta. Babu wanda ya sake tare mu.

Gaskiya ban ji daɗin abincin ba. Wani ɗan yankin kifi aka kawo a tsakiyar faranti mai faɗi, da kumfa a kansa. Wata Baturiya ta zo da fara'a ta ce rigata ta burge ta, ko za ta ɗauke ni hoto. Na gode mata, na ce a'a, abinci na zo ci.

Washegari da hantsi na tarar da ɗiyata ita kaɗai a saman jirgi, ta jingina da ƙarfe tana kallon ruwa. Na tsaya kusa da ita.

Can ta ce, "Baba, ku wata ɗaya za ku yi ku koma Damagaram. Ni a nan nake zaune. Kun san sau nawa aka tare ni a ƙofa? In duk wanda ya tare ni sai na tsaya na yi da shi, da tuni ba ni da aiki. Na koyi wucewa ta gefe."

Ban taɓa tunanin wannan ba. A waya kullum lafiya lau take ce mana. Na dubi gefen fuskarta na ga ta rame fiye da yadda na lura a gida.

Na ce, "Ban san haka kike fama ba. Kin fi ni sanin zaman nan, ba zan koya miki ba. Amma kada ki nemi in ce na yi kuskure jiya, don ban yi ba. Ko yau aka sake, haka zan tsaya."

Ta share ido da bayan hannu. Ta ce, "Na sani. Ni Inna ce ma ta ba ni tsoro." Sai dariya ta ƙwace mata, ni ma na taya ta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dattijon ƙofa. Yammacin ranar ban gan shi a wurinsa ba, wani aka sa. Na tambaya aka ce an mayar da shi benen sama. Na hau na same shi yana kwashe faranti. Ya ce ba komai, haka aikin yake, ana juya su. Ban yarda ba, shi ma ya san ban yarda ba.

Ranar ƙarshe aka raba wa kowane ɗaki takarda, a rubuta yadda aka ga hidimar jirgi. Akwai ƴan akwatuna da ake sa alama, da layi uku a ƙasa don ƙarin bayani. Layi uku bai ishe ni ba, na sa ɗiyata ta karɓo farar takarda a ofis. Ina faɗa tana rubutawa, tana gyara mini inda faransancina ya tsufa. Na ce gadon yana da kyau, masu gyaran ɗaki mutanen kirki ne. Na ce a sa buta. Na ce in kostim suke so su rubuta kostim tun kafin mutum ya hau, ya san da wa zai yi tafiya. Na ce mutumin ƙofa ya yi mini magana da ladabi, abin da aka umarce shi ya faɗa, in akwai laifi a nemi wanda ya ba da umarnin. Da muka zo nan ɗiyata ta ƙara wasu layuka biyu nata, ba ta karanta mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Muka sa hannu mu biyu, mai ɗakina ta ce ita ma a ba ta, ta rubuta sunanta da ajami a ƙasa.

Har yau ba su amsa ba. Ɗiyata ta sake aika musu sau biyu daga gida, kuma ta ce za ta ci gaba da aikawa.