Mai Zuwa Ɗiban Wuta

A gidanmu na Gangara tatsuniya iri biyu ce. Akwai ta kullum, wadda Kaka Hure, mahaifiyar babanmu, ke yi mana a bakin murhu bayan isha'i, tana ɓarar gujiya tana gyangyaɗi. Akwai kuma ta ranar kasuwa, wadda har yau in na tuna ta sai gabana ya faɗi.

Ranar kasuwa kunnuwanmu na kan moton Baba, wato babur ɗinsa. In ya kashe shi a ƙofar gida ya turo shi a hankali, an kwana lafiya. In kuwa ya shigo da shi har tsakar gida yana ruri, sai Inna ta shige ɗaki, ya bi ta. Nan take Kaka za ta ture gujiyar ta janyo mu jikinta.

"Ku matso, ja'irai. Yau ta mai fata biyu za mu yi."

Wani mutum ne, in ji ta, mai fata biyu. Ta zuwa kasuwa sumul take, kowa na yabonta. Ta gida kuwa duk farata ce da gashi. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, baƙon ido ya gan shi cikin fatar gida. Saboda haka da ya fara tuɓe ta kasuwa, sai matarsa ta rera waƙa ta kira zabin maƙwabta. A nan mu ke amshi da tafi: "Zabuwa, zabuwa, leƙo ki gani!"

"Da ƙarfi! Mi kuka ci yau, iska?"

Muna cikin tafin sai mu ji sallamar Gwaggo Rabi, maƙwabciyarmu, riƙe da tsohon murfin kwano.

"Hure, a sammin garwashi, wutata ta mutu. Ina maigidan? Ya kasuwa?"

Sai ɗakin ya yi tsit. Baba ya fito yana gyara hula, yana amsa gaisuwa da fara'a. Ni kuwa ina raina Gwaggo a zuci, mace har mace ta kasa riƙon wuta.

Wata ranar kasuwa Gwaggo ta tafi suna Gazawa. Moto ya shigo da ruri. Muka yi amshi, muka sake, har muryarmu ta dushe. Idon Kaka na kan ƙofa. Daga baya ta miƙe da sandarta ta je ƙofar ɗakin tana kiran sunan Baba, amma ya daɗe da daina jin kunyar idonta. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Tun daga nan kunnen Inna na hagu bai sake ji ba.

Yau ina koyar da sulhun iyali a jami'a, bincikena duka a kan duka tsakanin ma'aurata ne da tabon da yake bari a zuciyar yara. Sai da na yi nisa a karatun na tambayi Gwaggo, ta tsufa tukuf, me ya sa wutarta ke mutuwa ranar kasuwa. Ta yi dariya.

"Ke ɗiyata, ni da murhuna ke kwana da wuta? Waƙarku nike saurare."

Shi ya sa duk matar da ta zauna gabana tana murza bakin mayafi, ba na fara tambayarta me ya sa ba ta fita ba. Ina tambayarta wa zai zo ɗiban wuta gidanta, kuma in ranar ba ya gari, sai wa?

Na ba Inna labarin wannan tambayar da na je gida. Ta juyo mini da kunnen dama ta ce in sake faɗi.