Gwaggo da Babura Masu Caji

Tun tana da goyon fari Gwaggo take wanke gaban shagunan layin teloli, wato shimfiɗar simintin da masu tafiya a ƙafa suke bi. Da baya-baya take aikinta: tsumma a bakin sanda, tana gogewa tana ja da baya don kada ta taka inda ta wanke. Ba ta waiwaye. Da kunne take gane mai tahowa, ko takun takalmi ko kukan amalanke, sai ta raɓe ya wuce. Da wannan aikin ta aurar da 'ya'yanta.

Sai ga babura masu caji sun cika gari, ba ƙara ba hayaƙi. Masu su suka bar kwalta suka hau simintin. Wata safiya ɗaya ya kwashe ta ta baya. Ta yi jinyar ƙugu, 'ya'yan suka taru a ɗakinta suka ce aikin ya ƙare.

Ɗan ƙaninta, mai kai saƙo a kan irin babur ɗin, ya zo dubiya.

"Gwaggo, in muka sauka kwalta, manyan motoci niƙe mu za su yi."

"Shi ne kuka hau kaina? Ni ce mai laushin?"

"Ai da kin riƙa waiwayawa."

"Kai da kake kallon gaba me ka gani? Abu kamar aljani, ko tari ba ya yi."

Aka yi dariya, ban da babbar 'yar, wadda ta ce ita dai kada ta sake ganin uwarta a layin nan. Gwaggo ta ce in ta zauna a ɗaki, ƙugun ne zai warke, sauran jikin ya mutu.

Da ta warke ta miƙe, ta roƙi telolin tsofaffin bencinansu. Yanzu kafin ta jiƙa tsumma sai ta gindaya benci a kowane ƙarshen wurin, ta bar 'yar kafar da mutum zai bi a karkace. Masu babur sukan tsaya su sauka, su ɗaga abinsu su tsallake suna ƙunƙuni. Har ɗan ƙanin nata.

Babbar 'yar ta zo ta tsaya daga nesa ta kalla. Washegari ta aiko wa uwarta da sabon bokiti.