Ranar da Wandon Gwarzo Ya Yage

A bakin kantin kayan wasan yara yake tsayawa don jawo masu saye, sanye da jar riga mai matse jiki da baƙin ƙyallen rufe ido. Masu shagunan layin suna ce masa Gwarzo, kuma tun ranar da wandonsa ya yage ba sa faɗa sai da dariya.

Ya ba hamsin baya, tumbinsa ya riga ƙirjin soson da aka ɗinka masa fitowa. Hannu a ƙugu, yana ta murmushi, da alama jaruman littattafan zane na ƙuruciyarsa yake kwaikwayo, masu tsallakar da tsofaffi titi. Mai kanti ya fi son Gwarzo ya riƙa ɗaure fuska, wai jaruman yanzu gari suke rushewa.

A ranar, wata yarinya ce ta ɓace wa uwarta, ta nufi titi da gudu tana kuka. Ya sha gabanta, ta ga baƙin ƙyalle ta ƙara tsandara ihu. Ya cire shi, ya durƙusa, sai wando ya ce ɓarrr. Haka ya zauna dirshan, yana yi mata surutu har uwar ta iso da takalmi ƙafa ɗaya, ta ƙanƙame 'yarta tana ajiyar zuciya.

Har yau wani mai gyaran waya a layin kan tsokane shi: "Baba Gwarzo, ina aka taɓa ganin jarumi da yagaggen wando?"

"Ai naku na yanzu ba sa durƙusawa ne, ɗana," in ji shi. "Ina nasu zai yage?"